Hannun Hagu

Dubi hannuna na hagu, ya fi na dama baƙi.
Shekara talatin da huɗu yana rataye a taga,
rana na gasa shi daga Gawundare har Kusiri,
ɗan'uwansa yana inuwa, yana kokawa da giya.
Ciki ɗaya suka fito, hanya ce ta raba musu launi.

A kan buhunan albasa na fara,
karen motar wani dattijo, Hamajoda.
Shi ya ce mini, "Yaro, da kunne ake tuƙi.
In inji ya yi tari, tambaye shi lafiya
kafin ya kwanta maka a dajin Waza."
Bai taɓa yaba mini ba.
Ranar da ya miƙo mini makulli
cewa kawai ya yi, "Kar ka kashe mu."

Na yi dakon auduga, tsayinta ya fi soro,
na yi dakon simintin Figil har ya shiga haƙorana,
na ɗauki shanu masu kallona ta madubi
kamar sun san inda za ni da su.
Bandar tafkin Cadi kuwa har gida ta bi ni,
Asta ta wanke rigar sau uku, ta haƙura.

Jandarman Dabanga sun san ni, na san su.
Takarda ta cika ko ba ta cika ba
na shayi sai ya fita.
Na taɓa kwana tara a bakin gadar Ngeli
ina jiran hatimi guda,
tumatir na zama ruwa a bayana.

Amma ba su nake gani ba in na rufe ido.
Hawan dutsen Wak nake gani, da asuba, ana yayyafi.
Lodi ya fi ƙarfin mota.
Na sani, mai kaya ma ya sani.
Ta ƙi gaba a tsakiyar hawa, ta soma ja da baya,
na ƙwala kira: Njidda, weji!
Ya diro ko takalmi bai tsaya sawa ba.
Mota ta tsaya.
Ko buhu ɗaya bai faɗi ba.
Shekararsa goma sha tara.

Ni na kai wa uwarsa silifas ɗinsa a Gidar.
Ta karɓa da hannu biyu,
ta ce, "Malam direba, shigo ka sha ruwa."
Ruwan nan har yau yana maƙogwarona.

'Ya'yana a bayan idona suka girma.
Ranar sunan auta ina ƙarƙashin mota a Mundu,
baƙin mai na ɗiga mini a goshi.
Wata rana na yi sallama a ƙofar gidana,
Dudu ta ruga ciki da gudu:
"Inna, an yi baƙo!"
Na yi dariya. Me zan yi in ba dariya ba?
Na ajiye doyar Mbe, na zauna a tabarmar baƙi.

Bara likita ya haska mini ido, ya ce yana ta shigo.
Ɗan Alhaji ya karɓi makulli yana amsa waya,
ya ba ni ambulan da yadin shadda biyar.
Ban ƙirga ba sai da na zo gida.

Yanzu a Garwa nake, kusa da gadar Binuwai,
a bencin Sali mai facin taya.
Ba na ganin lambar mota, amma kunne na nan.
Wannan mai zuwa ta yi lodi fiye da kima,
yaron da ke jan ta ya makara wajen sauya giya.
Ƙafata ta hagu ta taka ƙasa da kanta.

Sali ya ce, "Baba, shayinka ya huce."
Na ce bari tukun,
bari in ji ya haye.